Aikatau na bakwai: abin da Turancin teku ya koya wa tsohon malamin Turanci

Wanda aka haifa a Ƙofar 'Yandaka, ya tashi a cikinta har furfura ta cim masa, ba shi da wata hulɗa da teku sai a taswira. Tsakaninmu da gaɓar Legas akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma babban ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin da damina ke cikawa a bayan ganuwa. Amma Turanci kam mun san shi tun da wuri, domin masu tarihi sun ce ta wannan ƙofa tamu Lugga ya shigo Katsina a 1903. Ba a cika shekara 20 ba aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, ta kuma yi suna wajen koyar da furucin Turanci mai tsabta. Da wannan alfahari na shiga aikin malanta, da shi kuma na fita bayan shekara 35 ina koyar da Turanci a makarantun sakandare. Na yi ritaya ina ganin babu wani lungu na aikatau ɗin Turanci da ban leƙa ba. Ɗan ƙanwata ne ya zo ya nuna mini cewa akwai wani ɗaki guda a gidan da ban taɓa buɗe ƙofarsa ba.

Yaron nan a hannuna ya girma, ni na koya masa Turanci a aji, na kuma ƙara masa a zaure bayan sallar isha'i. Da ya gama sakandare sai ya ce shi aikin jirgin ruwa yake so. Uwarsa ta yi kuka, dangi suka yi dariya, aka ce yaron da bai iya iyo ba ina shi ina teku. Ya dage har ya samu shiga makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke Oron a Jihar Akwa Ibom, bayan 'yan shekaru kuma ya samu gurbin koyon aiki a wani jirgin dakon kaya. Ya yi wata tara bai taka ƙasar Katsina ba. Da ya dawo hutu na ga ya yi baƙi, ya yi ƙarfi, ya kuma rage surutu. A dare na uku da dawowarsa muna zaune a zaure, ya juya kofin shayi a hannunsa ya fi sau goma, sannan ya ce, "Kawu, akwai maganar da nake son in faɗa maka, amma ina tsoron kada ranka ya ɓaci." Na ce ya faɗa. Ya ce, "Turancin da ka koya mini ya kusa kashe mutum."

Ga yadda abin ya faru. Wani dare suna ƙoƙarin ɗaure jirgi a wata tasha, an ajiye shi a ƙarshen jirgin tare da jami'in da ke kula da wannan ɓangare. Igiyoyin ɗaure irin wannan jirgi kaurinsu ya kai damtsen ƙato, kuma inji ne ke jan su. Jami'in ya juya baya yana magana da kyaftin ta oba-oba, inji yana ta ja, iska tana kaɗawa. Yaron ya ga igiya ɗaya ta miƙe ta yi tsam, ta fara wata irin ƙara, ga kuma wani ma'aikaci ɗan ƙasar Filifin tsaye kusa da ita. Ya san abin da zai biyo baya, domin an koya musu a aji. Sai ya matsa kusa da jami'in, cikin ladabi, ya ce: "Sir, I think maybe we should slack the line a little." Wato, ranka ya daɗe, ina ganin kamar wataƙila ya kamata mu ɗan sassauta igiyar nan. Jami'in, wanda shi ma Turanci ba harshen uwarsa ba ne, ya ji farkon jimlar, ya ɗauka ra'ayi ne yaro yake son bayarwa, ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Kafin ya sauke hannun igiya ta tsinke. Bakinta ya dawo kamar bulala, ya karya wa mutumin nan hannu, saura ƙiris ya same shi a ka.

Washegari kyaftin ya kira shi. Bai zage shi ba. Ya sa shi ya rubuta jimlar da ya faɗa a takarda, ya ce ya ƙirga kalmomin. Goma sha ɗaya. Ya ce ya nuna masa kalmar da ke ɗauke da aikin da ake so a yi. Yaron ya nuna, ita ce ta bakwai. Kyaftin ya ce masa a kan jirginsa wannan kalma ita ke zuwa farko, kuma idan rai na cikin haɗari, mafi ƙanƙantar ma'aikaci yana da ikon ɗaga murya ya ce a tsaya, ko kyaftin ne ke ba da umarni.

Na yi shiru na daɗe, domin na gane jimlar. Tawa ce. Ni na gina ta bulo bayan bulo a kan allo. Shekara da shekaru ina hukunta ɗalibin da ya ce "give me" a ofishin malamai, ina sa shi ya fita ya sake shigowa ya ce "could you please give me". Na koya musu cewa gwanin Turanci shi ne wanda ya iya sarrafa waɗannan ƙananan kalmomi masu yi wa aikatau rakiya, irin su may da might da could da should da would, domin da su Bature ke tausasa umarni ya koma roƙo, ya lulluɓe ra'ayi ya koma shawara. Kuma ban yi ƙarya ba. A wasiƙar neman aiki, a ofis, a gaban alƙali, a jarabawar WAEC, wannan Turancin ake so. Abin da ban sani ba shi ne akwai wata duniya da ta zauna ta yi shawara, ta kori waɗannan kalmomi daga bakin ma'aikatanta da gangan.

Cikin kwanakin hutunsa na zama ɗalibi, shi ya zama malami. Ya bayyana mini cewa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, wadda hedikwatarta ke Landan, ta fara fitar da daidaitattun kalmomin tuƙi tun 1977. Sai a watan Afrilun 1990 gobara ta tashi a jirgin fasinja mai suna Scandinavian Star a kan hanyarsa daga Nowe zuwa Denmak, mutum 159 suka rasu. Cikin abubuwan da bincike ya gano har da cewa da yawa daga ma'aikatan jirgin ba su da harshen da za su yi magana da fasinjoji, wasu ma da junansu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka sake zama, aka faɗaɗa aikin, har hukumar ta amince da sabon kundin daidaitattun jimlolin sadarwa na teku a watan Nuwamban 2001. Yau ana buƙatar duk jami'in da zai riƙe ragamar tuƙin babban jirgi ya san su, ya kuma iya aiki da su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na malamin nahawu shi ne yadda kundin ya yi da aikatau. Ɗauki kalmar may. A Turancin yau da kullum idan aka ce jirgi "may enter", ana iya nufin an ba shi izinin shiga, ana kuma iya nufin wataƙila ya shiga. A ɗakin shan shayi wannan harshen damo ba ya cutar da kowa. A mashigar tasha kuwa, inda jirage biyu masu nauyin dubban tan ke fuskantar juna cikin hazo, bambancin izini da zato shi ne bambancin wucewa lafiya da karo. Don haka aka ce a bar kalmar. Mai neman izini ya tambaya ƙarara ko yana da izini, mai bayarwa ya ce ya bayar ko bai bayar ba. Haka aka yi da might: mai niyyar yin abu ya ce zai yi, in kuma bai yanke shawara ba ya yi shiru har ya yanke. Haka should: a maimakon ka ce wa mutum ya kamata ya tsaya, sai ka sanar cewa shawara ce za ka bayar, sannan ka ce tsaya. Haka could: wanda ka ga yana dosar haɗari, ka ce masa yana dosar haɗari, kada ka ce mai yiwuwa ne. Ita ma can an yi kashedi da ita, domin tana ɗaukar iyawa, tana kuma ɗaukar izini.

To, idan an kori masu rakiya, me zai nuna wa mai sauraro ko umarni ake ba shi ko shawara? Nan ne hikimar take. An ware kalmomi takwas da ake sa wa a gaban saƙo, musamman a maganar rediyo tsakanin jirgi da masu kula da zirga-zirga a tudu: umarni, shawara, gargaɗi, bayani, tambaya, amsa, buƙata da niyya. Mai magana zai fara faɗin ɗaya daga cikinsu, sannan ya kawo jimlarsa tsirara. Aikin da Turancin gida ke ɓoyewa cikin lanƙwasar murya da ƙananan kalmomi, Turancin teku ya ciro shi ya kafa shi a gaba kamar tuta. Kuma kowace tuta da nauyinta. Umarni sai mai hurumin bayar da shi. Shawara kuwa, wanda aka ba shi ne zai zaɓa ya bi ko ya bari, alhakin jirginsa yana wuyansa.

Akwai sauran ƙa'idoji da suka bi wannan layi. Jimla ɗaya, al'amari ɗaya. Ba a gutsure kalma, domin a cikin ƙarar rediyo can't da can kusan abu ɗaya ne a kunne. Ba a neman ƙawa ta hanyar sauya kalma da 'yar'uwarta, alhali ni kuwa ina rage wa ɗalibi maki idan ya maimaita aikatau ɗaya sau uku a sakin layi. Ba a amsa tambaya da i ko a'a kaɗai, sai an maimaita abin da aka amince da shi ko aka ƙi. Idan jami'i ya ba matuƙi umarnin juya sitiyari, matuƙin zai maimaita umarnin da ƙarfi, ya aikata, sannan ya sanar cewa ya aikata. Wanda kuma ya yi tuntuɓen harshe ba ya kame-kame, sai ya ce kuskure, ya ce gyara, ya faɗi daidai.

Sai kuma ɓangaren da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni kunya. Akwai aikatau da na koyar shekara 35 da ma'ana ɗaya, ashe a teku wata riga suke sawa. Na san weigh da auna nauyi, amma idan aka haɗa ta da anga, wato ƙugiyar ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, ma'anarta a ɗago ta. Na san pay da biyan kuɗi, a can pay out na nufin a riƙa sakin igiya sannu a hankali. Na san list da jera sunaye, a can idan jirgi ya yi list ya karkata ke nan gefe ɗaya. Da ɗalibi ya kawo mini make fast da na ce masa gurɓataccen Turanci ne na cewa a yi sauri, alhali ma'anarsa a ɗaure tamau. Shi kuwa make water, wanda a tsohon Turancin gida sakaya ce ta kama ruwa, a teku labari ne mai tayar da hankali, domin jirgi ne ya huje ruwa yana shiga. Waɗannan kalmomi sun girmi injin jirgi, gado ne daga zamanin da iska ke tura jirage, kuma ma'aikata suka riƙe su domin kowace tana nufin motsi ɗaya tak na hannu.

Ya kuma ba ni wani labari da ke nuna cewa su ma mutanen teku da wuya suka kai ga wannan tsari. A da, da sanda ake juya jirgi daga baya, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai kwalekwale ya san idan ana son kan jirgi ya yi hagu, dama ake tura sandar. Da aka ƙirƙiro sitiyari sai aka ci gaba da ba da umarni da tsohon lissafi, jami'i ya ambaci dama alhali hagu yake son a nufa. Haka ake yi a zamanin da Titanic ta nutse a 1912, kuma jiragen Ingila ba su bar wannan al'ada ba sai a farkon 1933. Na tuna cewa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila a 1921 a tafiyarsa ta aikin Hajji, na ce ashe jirgin da ya ɗauki Sarkinmu ma da wannan bauɗaɗɗen umarni aka tuƙa shi.

Mai karatu zai iya cewa, to, wannan ai matsalar Turawa ce da harshensu, mu ina ruwanmu? Ni ma haka na so in ce, don in wanke kaina. Amma da na kwanta na yi ta juya jimlar yaron nan, sai na ga Turanci ne kawai a baki, ruhinta na gida ne. Ya yi wa jami'in nan magana ne yadda ɗa na gari ke yi wa babba a Katsina. Mu ne muka koya masa cewa yaro ba ya ce wa babba yi kaza. Mu ne muka koya masa kara da kunya da kawaici. Ni kuma na zo na ba shi kalmomin Turanci da zai zuba wannan tarbiyya a ciki, suka zauna daram.

Hausa ba ta rasa kaifi ba. Masanin nan F. W. Parsons ya kasa aikatau ɗin Hausa gida bakwai tun 1960, kuma duk Bahaushe yana aiki da su ko bai taɓa jin sunansa ba. Abin da Baturen jirgi ke buƙatar kalma biyu ya faɗa, mu da wasali ɗaya muke yinsa. Ka ce jefa, ka ce jefo, ka ce jefar, kowanne da inda igiyar za ta nufa. Ka ce ja, ka ce jawo, ka ce janye. Ka ce ɗaure, a amsa maka da ta ɗauru, magana ta ƙare. Kuma muna da namu mutanen teku a kan tudu. Je ka tsaya inda ake haƙar rijiya ka ji yadda na ciki ke magana da na waje: ja, saki, tsaya. Babu ranka ya daɗe a ƙasan rijiya. Je tasha ka ga karen mota yana yi wa direban tirela jagora da baya: zo, zo, karya, ya isa. Yaron bai kai ɗan cikin direban ba, amma babu wanda ya taɓa cewa ya yi rashin kunya, domin kowa ya san abin da zai faru idan ya tsaya neman lafazi.

Sai dai kamar yadda Hausa ke da wuƙa, haka take da kube, kuma mun fi son kuben. Muna da zan zo, muna da na zo mai jan wasali, wadda ba ta ɗaure kowa. Muna da ma gani. Muna da kana iya tafiya, wadda ke ɗauke da harshen damo iri ɗaya da na Turanci. Fiye da duka muna da ɗan ƙaramin a ɗin nan da ke ɓatar da mai aiki: a duba, a gyara, an fasa, za a yi. Wa zai duba? Wa ya fasa? Babu wanda ya sani, kuma da gangan aka gina jimlar don kada a sani. Na zauna a tarurrukan malamai da na unguwa da ba su ƙirguwa, inda aka tashi da "ya kamata a yi wani abu", kowa ya tafi gida da zaton ɗan'uwansa ne a ɗin.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yaron nan a wannan dare. Shekarun baya na shiga gaida yayana bayan magariba, na tarar yana riƙe da kai. Na lura bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa tana nauyi, kofi ya suɓuce daga hannunsa. Ina da karatun da zan gane abin da nake gani, na kuma san irin wannan ciwo da sa'o'i ake lissafinsa. Amma yayana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, da an daure an ɗan leƙa asibiti." Ya ce gajiya ce, gobe in Allah Ya kai mu. Na ce, "To, yadda ka gani." Na tafi gida. Kafin asuba ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rayu shekara huɗu bayan nan bai ƙara furta kalma ba.

Na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi, ban kuma ce da na yi magana da ya warke ba. Amma ni malamin nahawu ne, ba zan iya hana kaina feɗe wannan jimla ba. Na fara ta da da, wadda ke mayar da magana fata. Na sa an har sau biyu, ban ce shi ba, ban ce ni ba. Na sa daure, kamar alfarma nake roƙo. Na sa ɗan don in rage wa abin girma. Sannan na zaɓi leƙa, aikatau mafi sauƙi da na samu, irin wanda ake yi wa maƙwabci a wuce. Ga shi kuwa Hausa ta tanadar mini kalma uku da ke bakin kowane yaro: tashi mu tafi. Da na gama ba shi labarin, ɗan ƙanwata bai ce komai ba, sai ya ƙara mini shayi. Shi da ni jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban dawo ina wa'azin a watsar da kara ba. Harshen jirgi na jirgi ne, an yi shi ne don mutanen da suka fito daga ƙasashe goma, suna aiki cikin ƙara da duhu, kuma ba su da lokacin karanta fuskar juna. Ba a neman aure da shi, ba a ta'aziyya da shi, ba a sasanta 'yan'uwa da shi. Shi kansa yaron ya ɗanɗana kuɗarsa a hutun nan, ranar da ya manta ya ce wa uwarsa "kawo ruwa" babu ko sannu, ta dube shi ta tambaye shi ko a teku aka sayar da tarbiyyar da ta ba shi. Tausasa magana shi ke sa gari ya zaunu, kuma mutanen da ba su iya sakaya zance ba ba su daɗewa a inuwa ɗaya. Laifina shi ne na koyar da rabin darasi na ce duka ne. Na koya wa yara yadda ake sa wa aikatau riga, ban koya musu ranar da ake tuɓe ta ba.

Kuma wannan rana tana zuwa wa wanda bai taɓa ganin teku ba. Tana zuwa wa ma'aikaciyar jinya da ta ga likita zai ba da maganin da bai dace ba. Tana zuwa wa yaron magini da ya ga katanga tana rawa maigidansa yana ƙarƙashi. Tana zuwa wa fasinjan da ya ga direba yana gyangyaɗi, ya ce "direba, a dai yi a hankali", maimakon ya ce ya tsaya ya sauke shi. Tana zuwa wa wanda ke bakin ruwa yana kallon ana ɗura mutane a kwalekwale fiye da kima, irin abin da ya jawo mana asarar rayuka a Bagwai ta Jihar Kano a 2021, ya ce "anya kuwa?" sannan ya shiga. Su kansu ma'aikatan jirgin sama sun koyi wannan darasi da jini, bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977 da ya ci rai 583, inda wata jimla mai fuska biyu game da tashi ta shiga cikin musabbabin haɗarin.

Ga kuma wani dalili na kusa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke tafiya, kuma yanzu teku ta fara matsowa gare mu, tun da ga tashar tsandauri a Kaduna, ga ta Dala a Kano, ga tamu a Funtuwa. Yaranmu za su ƙara shiga wannan harka, wasu a ofis, wasu a kan ruwa, kuma za su tarar da 'yan Filifin da Indiya da sauran ƙasashe waɗanda aka horar da su a kan wannan Turanci tun daga aji. Ina roƙon 'yan'uwana malaman Turanci da na Hausa da ke bakin aiki su ware ko darasi biyu a zango. A ba ɗalibi yanayi guda, a ce ya faɗe shi sau biyu, sau ɗaya ga surukinsa, sau ɗaya ga wanda mota ke shirin bugewa. A koya masa ya tambayi kansa kafin ya buɗe baki: umarni zan bayar, ko shawara, ko gargaɗi? Mu kuma manya, iyaye da shugabannin ma'aikatu, akwai namu kason, kuma shi ya fi wuya. Yaro ba zai taɓa cewa tsaya ba sai ya tabbata ba za a kira shi marar kunya ba. Kyaftin ɗin nan bai tsaya ga gyara wa yaron jimla ba, izini ya ba shi, kuma izinin ne ya fi jimlar amfani.

Ni dai na fara da zaurena. Yaran da ke zuwa ɗaukar darasi da dare yanzu sun san cewa akwai could you please, akwai kuma stop, kuma duka biyun Turanci ne mai kyau. Na kuma tara 'ya'yana da jikokina na gaya musu cewa ranar da suka ga bakina ya karkace, ko maganata ta yi nauyi, kada wanda ya tsaya neman lafazi, su ɗauke ni ko ina faɗa.

Ranar da hutunsa ya ƙare, ɗan ƙanwata ya zo sallama da sassafe, jakarsa a kafaɗa, mai babur yana jiransa a bakin ƙofa. Ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kawu, da ma cewa na yi ko za a yi mini izini in kama hanya." Na ji daɗi da teku ba ta cinye masa wannan ba. Na dafa kansa na yi masa addu'a, sannan na ce, "Tashi. Tafi. Ka kira ni idan ka sauka." Ya ɗago ya dube ni, ya maimaita kamar yadda ake yi a jirgi, "Zan kira idan na sauka." Bayan kwana biyu, da la'asar, ya kira.